Musayar waƙa kan gasar zari-ruga ta Newcastle, daga 1910 zuwa yau

Malam Ɗanjuma: Na buɗe da ƙwar biyu kan gasar zari-ruga mai 'yan wasa 13 ta birnin Newcastle na Ostireliya, tashar lodin kwal da ke bakin kogin Hunter. Amsa-amon "wa" ne, ina roƙon kowa ya riƙe shi.

A 1908 'yan Newcastle suka bi gasar Sidni,
Shekara biyu suna tafiya da dawowa.
A 1910 suka ce gida ya fi,
Ƙungiya huɗu ce ta yi farawa.
Central da South da North da Wests,
Wests ce gwana wajen kofi tarawa.

Hajiya Kulu:

Malam, ka ƙirga kofunan kakanni,
Ƙura ta hau su babu mai gogewa.
Maitland ta ɗauka tun a 2022,
Har 2024 ba ta ajiyewa.
In Wests tana da rai ta fito fili,
Tarihi bai iya zari da rugawa.

Binta: Allah ya ƙara basira, Hajiya. Wannan ɗango na ƙarshe ya isa a rufe zancen, kuma duk wanda ya ji haushinsa mun san ƙungiyar da yake bi.

Malam Ilu: Kafin a rufe, ina da magana kan kari. Idan aka karanta shekarar da Malam ya buɗe da ita, alif da ɗari tara da takwas, gaɓa goma ce ita kaɗai, alhali ɗangon da ya jera sunayen ƙungiyoyin huɗu gaba ɗayansa bai kai haka ba. Hajiya ma ta faɗa ramin nan sau biyu, don haka yabon Binta na son kai ne.

Malam Ɗanjuma: Malam Ilu, shekara ba ta raguwa domin ma'auni. Ga amsar Hajiya.

Hajiya, 2019 ba zamanin kaka ba ne,
Wests ta ɗaga kofi kina kallo da ƙyaliwa.
Limamin coci John Cootes namu ne,
Ya sa rigar ƙasa yana ta bugawa.
Knights, wakiliyar birnin a babbar gasa, da ta kwashe 'yan kallo a 1988,
Gidan Wests ya saye ta, sai ki yi jurewa.

Malam Ilu: Babu kalmar "ƙyaliwa" a inda aka ajiye ta, an ƙago ta ne domin amsa-amo ya tsira. Wanda ya gindaya sharaɗin "wa" shi ne ya fara yi masa ha'inci.

Binta: Baba Ilu, tun ɗazu kana auna baitocin mutane, ba mu ga naka ko ɗaya ba.

Sani na Cessnock: Na makara, amma ba zan bari 'yan birni su raba gādo a bayan masu haƙar kwal ba.

Yayyena kuna ta faɗa a kan azurfa,
Mu garin rami gwanaye muke haifawa.
Andrew Johns da wansa Matthew namu ne,
A 1997 a hannun Knights ɗinsu Manly ta Sidni ta sha mamaki da faɗuwa.
Sattler na Kurri Kurri, muƙamuƙi a karye,
Ya gama wasan ƙarshe na 1970 bai yi ficewa.

Hajiya Kulu:

Ƙanena, ka yi kirari da 'ya'yan da suka tafi,
Sattler rigar South Sydney yake sanyawa.
Haka Central ta raini Clive Churchill,
Sidni ta ɗauke shi, ita ke morewa.
Kun yi noma wasu sun cika rumbu,
Cessnock a wasan ƙarshe ta saba da komawa.

Sani na Cessnock: Hajiya, ai wannan zargin ya hau kan gasar gaba ɗaya, domin tun kafin masana'antar ƙarfe ta birnin ta rufe a 1999 matasan yankin suke bin kuɗi zuwa Sidni, har da na Maitland. Baitina na zuwa bayan la'asar.

Malam Ilu: Idan zai zo, a rage masa shekaru, kuma "bai yi ficewa" ba Hausa ba ce, sai an ƙara "ba" a ƙarshe.