Farin ɓawo a buta da bakin famfo: me ke cire shi?

Uwargida, Garin Malam: Assalamu alaikum jama'a. Buta na yin farin ɓawo a ciki, sabulu ba ya kumfa, bakin famfo na toshewa. Ya fi yawa idan famfo ya ɗauke aka koma sayen ruwa wajen ƴan garuwa. Masu sani a taimaka.

Mai gyaran famfo, Zango: Wa'alaikumus salam Hajiya. A fara rarrabewa tukuna, don abu biyu ne ake haɗawa. Damagaram kan dutse take zaune, ruwan famfonta daga nesa ake turo shi, daga Gogo-Machaya, Arunguza da Ganaram. Idan ya daɗe bai zo ba, na farkon fitowa kan taho da yashi da tsatsar bututu. Wannan laka ce, tacewa take so. Farin ɓawo kuwa kalker ne, sinadaran kalsiyam da magneziyam da ruwa ya narko a ƙarƙashin ƙasa, ƙyalle ba ya tare su. Ki kankaro kaɗan ki ɗiga masa binegar: in ya yi ƴar kumfa yana tafasa, kalker ne.

Bakin famfo na zamani yana da ƴar raga a ƙarshensa. A kwance ta da hannu, a jiƙa cikin farin binegar awa 2, a goge da tsohon buroshin haƙori. In ta ƙi kwantuwa, a zuba binegar a leda a ɗaure a bakin da roba ya kwana. Kan shawa ma haka. Kada a tsokane ramukan da ƙusa, faɗaɗa su za a yi ruwa ya riƙa fita a karkace. Famfon da ke ɗiga kuma a canza masa roba, matse shi da ƙarfi kan ɓawon yana cinye zaren.

Mai shayi, Kasuwar Dole: Maganar buta ce tawa. Binegar rabi, ruwa rabi, ya rufe ɓawon, a tafasa, a sauke a bari minti 30, a zubar, a sake tafasa ruwa zalla sau 2 don wari. In babu binegar, ɗan tsami cokali 1 a lita guda ya ma fi shi aiki kuma ba ya wari. Lemun tsami 4 ko jiƙaƙƙiyar tsamiya suna yi in ɓawon bai yi kauri ba. Butar alminiyom kada tsami ya kwana a ciki, yana cin ta. Kankarewa da wuƙa kuwa, hanyar huda buta ce. Ta lantarki ta fi shan wahala, don ɓawon kan ƙarfen zafin yake kwanciya, ruwa ya daɗe bai tafasa ba, wuta na tafiya, ƙarshe ƙarfen ya ƙone.

Mai wanki, Birni: Hajiya, sabulun sanda ne ke faɗa da wannan ruwa. Maimakon kumfa sai ya tsinke kamar nonon da ya ɓaci, wannan dusar ce ke maƙalewa a shadda ta dushe, tawul ya yi tauri. Sabulun gari ya fi jurewa. A jiƙa farar kanwa cokali 1, a tace ƙasarta, a zuba a bido mai lita 25, a bari awa guda farin ya kwanta, a tsiyaye na sama a yi wanki. Ban da jar kanwa a fararen kaya. A ɗaurayar ƙarshe, binegar rabin kofin shayi a bokiti. In damina ta sauka a tari ruwan sama a ajiye wa kaya masu tsada.

Uwargida, Garin Malam: Madalla. To alif fa, ko jabel?

Ma'aikacin lafiya: Ko ɗaya ba ya taɓa kalker. Alif laka yake kwantarwa, jabel ƙwayoyin cuta yake kashewa. Kuma a kiyaye: jabel da binegar ko ɗan tsami ba sa haɗuwa a mazubi guda, iska mai guba suke fitarwa, ta fi haɗari a rufaffen makewayi. Shan ruwa mai kalker ba cuta ba ne. Abin dubawa shi ne inda ɗan garuwa ya ɗebo, musamman rijiyar cikin unguwa da ke kusa da masai. Ruwan da ake jin zartsi a baki kuma tafasawa ba ta rage gishirinsa, ƙara shi take yi.

Mai aikin sola, Sabon Gari: Batir mai ruwa, na mota ko na sola, tataccen ruwan batir na kanti, ba asid ba, kawai ake ƙara masa. Na famfo, ko an tafasa, yana rage masa kwana. Fanon sola a wanke shi da sassafe a share da busasshen ƙyalle, in ruwan ya bushe kansa cikin rana tabo yake bari. Na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa a juye tankinta duk mako lokacin bazara, don ruwa ne ke tashi, kalker na taruwa a ƙasa.

Mai abinci, Kara-Kara: Wake ma ya sani. A wannan ruwa bayansa ƙin laushi yake, gawayi na ƙarewa. A jiƙa shi tun dare, a sa kanwa kamar ƙwayar gyaɗa a tiya guda, tumatir da tsami sai ya nuna tukuna.