Kikin babur ɗina yana harbo ni

Salam yan uwa, don Allah masu ilimin babur ku taimaka. Ina da tsohon babur Honda CG 125, irin mai kwantak ɗin nan (ƴan ƙarafan dake buɗewa suna rufewa don ba filogi wuta), ba mai CDI ba (akwatin lantarkin dake yin wannan aikin a sababbin babura). Matsalar itace in na taka kiki sai ya dawo da ƙarfi ya buge ni a ƙafa, yanzu haka idon sawuna a kumbure yake, wani lokacin ma har da ƙara "fat" ta kabireta da ɗan hayaƙi. Da safe yafi yi, in inji ya ɗau zafi kuma sai ya tashi lafiya lau.

Na canza filogi, an wanke kabireta, duk dai shiru. Bakanikena yace taimin ne yayi gaba, wai wuta na zuwa tun fistin bai kai sama ba shiyasa yake turo inji baya, ya gyara gaf ɗin kwantak amma abin bai daina ba. Wani kuma yace in duba ɗan makullin nan dake riƙe magneto (abin dake juyawa yana samar da wuta) akan karanshaf (sandar da fistin ke juyawa), wai in ya karye taimin yana gocewa. To ya ake gane wannan ba tare da an kwance magneton ba? Ko tafet ne, wato saitin bawul? Ni fa yanzu tsoron kikin nake, turawa nake yi.