Shin da gaske ɓurɓushin roba yana kaiwa ƙwaƙwalwa?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masana game da labarin da ake yaɗawa cewa an gano ɓurɓushin roba a ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Ta yaya abin da aka haɗiye ko aka shaƙa zai isa can, kuma wace illa yake yi? Abin ya dame ni ƙwarai, domin ruwan leda muke sha, kuma a leda ake ƙulla wa yara koko da zafinsa.

Abu Khalil:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Labarin yana da tushe. A watan Fabrairun 2025 mujallar Nature Medicine ta wallafa binciken Jami'ar Niyu Meziko da ke Amurka, inda aka auna sassan jikin mutanen da suka rasu a 2016 da 2024, aka tarar cewa ƙwaƙwalwa ta fi hanta da ƙoda tara ɓurɓushin, kuma adadinsa ya ƙaru da kusan kashi 50 cikin 100 daga 2016 zuwa 2024. Mafi yawansa foliyetilin ne, wato sinadarin da ake yin leda da shi.

Akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda ke tace abin da zai shiga, amma ƙwayoyin robar da girmansu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba suna iya kutsawa. A 2023 masu bincike a Biyana, babban birnin Ostiriya, sun ba ɓeraye irin waɗannan ƙwayoyi ta baki, bayan sa'o'i biyu suka same su a ƙwaƙwalwarsu. Hanci ma hanya ce, domin a Brazil an gano su a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da jin ƙamshi.

Illar da aka fi tsoro ita ce kumburi. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin kariya da ake kira maikurogiliya, waɗanda ke haɗiye duk baƙon abu, to amma roba ba ta narkewa, don haka sai su ci gaba da fitar da sinadaran kumburi har su raunata ƙwayoyin jijiya da ke kusa da su. An ga hakan a ɗakin gwaji da jikin dabbobi.

Malama Talatu:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai akwai buƙatar taka-tsantsan. Binciken na Niyu Meziko ya sami roba mai yawa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa, amma masu binciken da kansu sun ce wannan bai nuna cewa roba ce ta jawo cutar ba, domin cutar tana raunata shingen, ta yadda abubuwa za su fi samun damar shiga. Wasu masana kuma sun yi ƙorafin cewa kitsen ƙwaƙwalwa na iya rikita na'urar awon har a ɗauke shi a matsayin foliyetilin. A ganina, illar kumburin abin damuwa ce ta gaske, amma bai kamata a gaya wa mutane cewa leda ce ke kawo mantuwa ba.

Abu Khalil:
Gaskiyarki, Malama. Duk da haka, Hajiya, batun kokon nan shi ya fi tsaya mini a rai, saboda zafi yana sa roba ta saki ɓurɓushi da yawa. A zuba koko a kofi ko kwanon silba, a dafa alale a gwangwani ko ganye maimakon leda, kada a bar ruwan leda a rana, kuma a daina hura wuta da leda, domin hayaƙin yaranmu ne ke shaƙarsa.