Kwikwiyona ya tashi daga jinya, allurarsa ba ta cika ba: in fitar da shi ko in kulle shi?

Mai Ɗan Baƙi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga halin da nake ciki. Kwikwiyona satinsa 11. An yi masa allurar rigakafi ta farko yana sati 7, ana saura kwana biyu a yi ta biyu sai ya fara amai da gudawa, ya ƙi abinci, ya kwanta yana bi na da ido kawai. Hankalina ya tashi, na ɗauka farbo ce, muguwar cutar nan ta karnuka mai sa amai da gudawa. Likitan dabbobi ya gwada kashinsa ya ce ba ita ba ce, tsutsar ciki ce ta yi masa yawa. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba shi magani, yau kwana biyar yana ci yana wasa. Allurar kuwa likita ya ɗage ta, ya ce ba a yi wa marar lafiya rigakafi sai ya murmure. To tun da ya kwanta bai ga kowa ba sai ni. Jiya baƙo ya shigo, ya ruga ƙarƙashin kujera jikinsa na ɓari. In na fitar da shi ina tsoron cuta, in na kulle shi ina tsoron ya tashi matsoraci.

Ummu Biyu:
Wa alaikumus salam. Sannu da jinya, ɗan'uwa. Ni dai roƙona ɗaya ne, kada ƙafarsa ta taka inda karnukan da ba ka sani ba suke yawo. Nawa na farko haka na rasa shi. An yi masa allura ɗaya, na ɗauka shi ke nan ya tsira, na riƙa kai shi fili da yamma yana shinshine-shinshine. Bai yi wasa da wani kare ba, ko kusa da su bai je ba. Bayan kwana biyar ya daina ci, washegari amai, sai gudawa mai jini da wani irin wari da har yau ban manta ba. Na yi jinkirin kwana ɗaya ina cewa zai wuce. Kafin in kai shi ruwan jikinsa ya ƙare, in ka ja fatar wuyansa ka saki sai ta tsaya ba ta koma ba, dasashinsa ya bushe ya yi fari. Kwana biyu ya yi ana ƙara masa ruwa ya mutu. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ƙwayar farbo tana zama a ƙasa watanni, har ta kai shekara, kuma a tafin takalmi ma ana kwaso ta a shigo da ita gida. Da likita ya faɗa min haka na daɗe ina kuka, don da hannuna na kai shi.

Dattijo Mai Kare:
Allah ya mayar miki da alheri, 'yar'uwa. Ni kuma kuskurena ta ɗaya gefen ne. Labarai irin naki suka tsorata ni, na rufe karyata a ɗaki har ta yi wata biyar, ba baƙo, ba yaro, ba ƙarar mota. Ta fito lafiya lau a jiki. Amma yanzu shekararta uku, in ta ga mai hula sai haushi, in yaro ya matso sai ta ja baya ta yi gurnani, kai ta wurin likita kuwa sai mutum biyu sun riƙe ta. Ina ta ƙoƙarin gyarawa, ana samun ci gaba, amma a hankali ƙwarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ka yi irin nawa.

Ma'aikaciyar Asibitin Dabbobi:
Duka biyun nan ina ganinsu a wurin aiki, kuma na reni nawa guda biyu. Bari in faɗi dalilin da ya sa allura ɗaya ba ta isa. Kwikwiyo yana samun garkuwa daga dakashin uwarsa a ranar farko ta haihuwa. Wannan garkuwar tana kare shi, amma kuma tana hana allura yin aiki muddin tana da ƙarfi a jininsa. A wani ta kan ragu yana sati 8, a wani sai ya wuce 12, kuma ba a ganewa da ido. Akwai 'yan kwanakin da ta yi raunin da ba za ta tare cuta ba, amma har yanzu tana iya danne allura. Shi ya sa ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta ce a fara daga sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan sati 2 zuwa 4, ta ƙarshe ta faɗo a sati 16 ko bayansa. Ta haukan kare daban ce, galibi daga sati 12.

Matsalar ita ce lokacin da kwikwiyo yake karɓar sabon abu ba fargaba yana farawa wajen sati 3, ya fara rufewa tsakanin sati 12 da 14. Ka ga kafin allura ta cika ƙofar ta kusa rufewa. Don haka ne a 2008 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka, AVSAB, ta fitar da matsaya cewa a fara sabar da kwikwiyo kafin ya gama allura, har ta ce zai iya shiga ajin horon kwiyakwiyi tun yana sati 7 zuwa 8, in an yi masa allurar farko da aƙalla kwana 7 kuma ya sha maganin tsutsa. Sai dai wannan magana ce ta mai lafiya a wuri mai tsabta. Naka yanzu ya tashi, Malam, jikinsa bai gama dawowa ba. Ka bar haɗa shi da karnuka sai likitanka ya yarda. Mutane kuwa ka fara yau.

Mai Jaka:
Ni a hannu na riƙa ɗaukar nawa, da ya yi nauyi na koma sa shi a jaka kansa a waje. Mu tsaya bakin hanya minti goma, ya ga motoci, ya ji hayaniya, mu dawo, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A gida baƙo ya cire takalmi ya wanke hannu, ya zauna ƙasa ya yi kamar bai gan shi ba, har shi da kansa ya zo ya shinshina. Kada ka jawo shi daga ƙarƙashin kujerar nan da ƙarfi, ƙara masa tsoro za ka yi. Da ya samu allura ta biyu na haɗa shi da wani babban kare mai sanyin hali wanda na ga katin allurarsa da idona, a cikin gida.

Ummu Biyu:
In ƙara wani abu da na manta. Kafin in kawo na biyu na wanke ko'ina da bilic, kashi ɗaya a cikin ruwa kashi 30, bayan na fara gogewa da sabulu, don sabulu kaɗai ba ya kashe farbo. Tsummokaran na farkon na zubar. Ƙasa kuwa ba ta wankuwa, shi ya sa na jira na ɗauko wanda ya riga ya gama allura. Kuma don Allah kada kowa ya ba kwikwiyo farasitamol ko ibufurofen don ya ga jikinsa da zafi. Zafin jikin kare dama ya fi namu, digiri 38 zuwa 39 ne lafiyarsa, magungunan nan kuma suna iya lalata masa hanta da ƙoda.

Dattijo Mai Kare:
Ranar allura ma ka riƙe shi a hannu a asibitin, nan ne marasa lafiya suke taruwa. In ya yi kasala kwana ɗaya bayanta ba komai. In fuskarsa ta kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, ka koma da shi nan take.

Mai Ɗan Baƙi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau mun koma, likita ya auna shi ya ga ya ƙara nauyi, ya yi masa ta biyu, ya rubuta ta uku bayan sati uku, da wata kuma in ya wuce sati 16. A hannu na riƙe shi har muka fito. Da yamma ƙanena ya zo ya zauna ƙasa bai kula shi ba. Ya fi minti ashirin a ƙarƙashin kujera kafin ya leƙo, ya shinshina ƙafarsa, ya koma, ya sake fitowa. Gobe da safe zan sa shi a jaka mu je bakin hanya. Mai Jaka, minti goman nan kullum kake yi, ko kana tsallake rana?