Katakon 2x4 bai zo daidai ba, yaya za a yi da rufin rumfa?

Mai Rumfa:
Assalamu alaikum. Za a kafa rumfar awaki a bayan gida. An sayo katakon 2x4 (wato kauri inci 2, faɗi inci 4) guda goma sha biyu a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, amma faɗinsu ya bambanta: wani inci 3½, wani 3¾. In aka ɗora kwano haka zai kwanta kuwa?

Kafintan Kurna:
Wa alaikumus salam. Malam, 2x4 ɗin suna ne kawai. Ɗanye ake tsaga katakon a kudu, zarto ya ci nasa, sannan iskar hunturu ta tsotse ruwan jikinsa. A faɗi da kauri yake raguwa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Ka auna kowanne da tef a kai biyu da tsakiya, ka kai injin goge katako a daidaita su da mafi ƙanƙanta.

Baba Magini:
In ba ka son kashe kuɗin inji, kafa na farko da na ƙarshe, ka ja igiya a samansu. Saman ne abin lura, don can kwano zai hau. Wanda ya fi faɗi a ɗan sassaƙe inda zai zauna, wanda ya gaza a sa masa siririn falanki a ƙasa. Mai lanƙwasa kuma doronsa ya kalli sama.

Kafintan Kurna:
Gaskiya ne Baba. Amma kada a buga ƙusa yana da danshi, zai murɗe ya ɗaga kwano. A jera shi a inuwa mako biyu, da 'yan sanduna tsakani, sannan a shafa maganin gara.