Ɗan shak da ƙumbar kogi

Sarkin Ruwa:
Na zo da gwanina, ɗan kifin shak na teku,
Tsawonsa taƙi ne, bai kai kamu ba.
Gaɓar Kolombiya can ne gidansa,
Cikinsa fitila, duhu bai hana ba.

Inna Mai Koko:
Sarkin Ruwa, wa ya naɗa ka sarki?
Kana yabon tekun da ko a mafarki ba ka taɓa gani ba.
Ƙumbata na kwance a rafin Sikotlan,
Shekara ɗari ta wuce, ba ta gaji ba.
Lita 50 take tacewa a yini,
Naka ko ludayi bai tace ba.

Sarkin Ruwa:
Inna, kin manta da 'ya'yan ƙumba?
Goyon kifi ne, ba na uwa ba.
Su maƙale inda salmon ke numfashi,
Wata da watanni, ba su biya haya ba.
Tawa a cikinta take rainon nata,
Biyu ko uku, ba ta kai wa maƙwabta ba.

Ɗan Auta: Allah ya ja zamanin Sarki! Inna, a tattara ƙoƙuna, kasuwa ta tashi.

Malam Na Zaure: Ku dakata. Inna, ɗangonki na biyu ya yi ƙiba, gaɓoɓinsa sun kusa ninka na farko. Kai ma Sarki, "haya ba" ta karya maka kari.

Ɗan Auta: Malam, na Inna ne ya karye. Na Sarki in ka rera shi lafiya lau yake zama.

Malam Na Zaure: Rerawa tana ɓoye gurgunta, yaro. Ƙirga gaɓoɓin da yatsa ka gani.

Gwaggon Yara: Malam, kullum gyara. Ina naka baitin?

Inna Mai Koko: Ku yi haƙuri, kwana biyu ba caji.
Auta, ɗan amshin Sarki, zauna,
Koko bai ƙare a tukunya ba.
Gwaninku guringuntsi ne duk jikinsa,
Allah bai ba shi ƙashi ko ɗaya ba.
Sai 1985 ya samu suna,
Kafin nan masana ba su san shi ba.
Tawa lu'ulu'u take wa ciki,
Shi ya ja mata, ba a bar ta ba.
Aka yi ta fasa ta har ta yi ƙaranci,
Tun 1998 Sikotlan ba ta yarda a taɓa ba.

Malam Na Zaure: Ɗangon ƙarshe ma ya zarce, Inna.

Gwaggon Yara: Ya zarce ɗin. Sarki, muna jiran ka.