Neman kalma kafin ƙarfe huɗu: me za mu kira "transparency" a harkar inshora?

Mai Fassarar Rediyo: Salamu alaikum malamaina. Ƙarfe huɗu zan karanta rahoto kan gobarar da ta tashi a Los Anjalas da ke jihar Kalifoniya ta Amurka ranar 7 ga Janairun 2025, wadda ta cinye gine-gine sama da 16,000, akasari a yankunan Palisades da Altadena. Rahoton ya taɓo dokar jihar Kalifoniya: kamfanin inshora yana da kwana 40 bayan mai gida ya miƙa hujjar asararsa ya ce zai biya ko ba zai biya ba, kuma in mai gida ya nemi takardun da aka yi lissafin asarar da su, sai an ba shi cikin kwana 15. Kalmar transparency ce ta tsaya mini a wuya. Na rubuta "gaskiya", na goge.

Uwar Ɗalibai: Wa alaikumus salam. Gara da ka goge. Kamfani zai iya ƙin yin ƙarya, kuma ya kulle takardu a durowa. Sa "rashin rufa-rufa". Ko "ba ƙumbiya-ƙumbiya".

Ɗan Yerwa: Hajiya, "rashin rufa-rufa" hali ne na mutum, shi kuwa wannan tilas ne na doka. Ni abin ya faru da ni. Da madatsar ruwa ta Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya kai ƙirjina a cikin shago, buhunan sukari suka narke, taliya ta kumbura a kwali. Kamfanin da na yi inshora da shi ya turo mutum da waya da ɗan littafi, ya ɗauki hotuna, ya tafi. Kuɗin da suka ce za su ba ni bai kai rabin abin da na lissafa ba, kuma har yau ban ga abin da mutumin nan ya rubuta ba. Abin da nake so a ce mini: ga takardar, duba da idonka. Don haka "baje bayanai a faifai".

Malamin Nahawu: Duk waɗannan jimloli ne, ba kalmomi ba. Harshe ba ya girma da kewaye-kewaye. Muna da "sarari", muna da ɗafa-ƙeyar "-ntaka" kamar a "dangantaka" da "abokantaka". To, "sararantaka". Kalma ɗaya, tsaf. Shekaru ina koyar da ita ga ɗalibaina.

Uwar Ɗalibai: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma tsohuwar da ke tankaɗe kusa da rediyo za ta ji "sararantaka" ta ɗauka maganar sararawa ake yi, ta hutu.

Malamin Nahawu: Haka aka ce da kowace sabuwar kalma kafin ta zauna. In gidajen rediyo ba su yi ƙarfin hali ba, wa zai yi? Ita kanta "inshora" ɗin aro ce muka haɗiye ba tauna. Me ya hana mu ce "lamuni"?

Bazindire: Lamuni kuma ai na bashi ne, Malam. Kuma kullum in ana irin wannan zama, Hausar Kano ake aunawa da ita, kamar mu na Damagaram da Maraɗi ba ma sauraron rediyo. Mu nan kalmar Faransanci ce a bakin mutane, ba "inshora" ba, amma ba mu taɓa cewa ku bar taku ba.

Malamin Nahawu: Ba wanda ya raina Damagaram. Daidaitacciyar Hausa dai ita ake rubutu da ita, kuma wani ne ya zauna ya yi mata wahala.

Bazindire: Wahalar nan har da kakanninmu a ciki.

Mai Fassarar Rediyo: Don Allah ku yi haƙuri, uku saura kwata. Ga dalilin da ya sa nake jin maganar Ɗan Yerwa. A rahoton akwai misalin jihar Fulorida ta Amurka: bayan guguwar Ian ta Satumban 2022, wasu masu ƙiyasta ɓarna sun fito sun ce an rage alƙaluman da suka rubuta ba da saninsu ba. A 2023 jihar ta yi dokar da ta hana a sauya rahoton mai ƙiyasi ba tare da an bayyana abin da aka sauya da dalili ba. Ita ma Kalifoniya ta ce in aka canza wa mutum mai ƙiyasi har ya kai na uku cikin wata shida, sai an rubuta masa inda aka kwana. Duka maganar nuna takarda ce. Wata tambayar kuma: policyholder fa? "Mai inshora" na rubuta.

Uwar Ɗalibai: A'a, za a ɗauka mai sayarwa ne, kamar "mai goro". Ce "wanda ya yi inshora". Sannan kada ka ce "neman diyya" a kan gida, wasu za su ji kamar an kashe rai. "Neman biyan asara" ya fi.

Ɗan Yerwa: Ai a labarai kullum ana cewa diyyar gonaki da gidaje, Hajiya, kunne ya saba.

Uwar Ɗalibai: To wannan kam na bar maka.

Mai Fassarar Rediyo: Ga abin da zan shiga da shi: "Dokar ta wajabta wa kamfanonin inshora su baje bayanai a faifai ga waɗanda suka yi inshora, in sun zo neman diyyar gidajensu." A jimla ta biyu zan sa "ba tare da rufa-rufa ba" don kada in maimaita.

Malamin Nahawu: Na yau ya wuce, tunda lokaci ya ƙure maka. Amma ranar da za ka rubuta sunan wata doka ko kan labari, za ka ga kalmomi huɗu ba sa shiga inda ɗaya ke shiga. Ban janye "sararantaka" ba.

Bazindire: Faifai dai muna da shi a nan ma. Zan kunna ƙarfe huɗu in ji yadda ta fito a baki.